Takardar da Ta Hana Malam Bobbo Sukuwa

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofar makaranta. Na fito na tarar da Yohanna, maƙwabcin Malam Bobbo a unguwar Sintali, manomin da ya yi shekaru yana ajiye masa harawa. Yana riƙe da kekensa, bai ko jingine shi ba. Ya ce, "Malam Sale, mai doki ya tafi. Yanzu aka kawo shi gida daga asibiti." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan dakali. Ba baƙin cikin rashi kaɗai ya kama ni ba, har da kunya, kuma ita ce ta sa nake wannan rubutu.

Shekara goma sha shida muka yi muna koyarwa a firamare ɗaya, shi lissafi, ni Turanci. Ya girme ni, don haka Hamma nake ce masa, wato yaya da Fulatanci. Ba ɗan gidan sarauta ba ne, ba kuma ɗan masu hali ba. Mahaifinsa makiyayi ne, a wurinsa ya gaji sanin dabba. Dokinsa ya saye shi a ƙauyen Kona yana ɗan ramamme wanda masu saye suka wuce, shi ya sa ake kiransa Ɗan Kona. Bai taɓa hawa dokin wani ba, ba a kuma taɓa biyansa don ya hau ba. Sukuwa sha'awa ce kawai ta shiga jininsa, ya ɗauke ta da albashin malamin makaranta.

Kullum bayan sallar asuba yakan kai shi bakin kogin Lamurde, su yi ta tafiya cikin yashi, ya dawo ya wanke shi, sannan ya shirya ya taho aji. Da haƙoran dokin suka fara cinyewa, sai ya riƙa jiƙa masa dawa tun da yamma, ya dama dusa da ɗan kanwa. Bai taɓa sa ƙaimi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Duk abin da yake da shi yana ba ni da kansa. Abin da ba shi da shi kuwa, ko na huda cikinsa ba zai fito ba." Haka yake da yaran ajinsa ma. Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba.

Da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika da baƙi da sababbin masu kuɗi. Filin da a da mutum bakwai ko takwas ke haɗuwa bayan girbi su gwada dawakinsu, sai ga shi an kewaye shi da igiya, an kafa rumfa, an jera kujeru. Aka riƙa sauke dawaki daga manyan motoci, ƙosassu, masu shekara huɗu ko biyar, kowanne da mahayin da aka ɗauko haya. Aka kafa kwamitin sukuwa, aka naɗa ni sakatare saboda na iya buga tafireta. Na ji daɗin naɗin. Lokacin Hamma ya doshi hamsin, Ɗan Kona kuma yana shekara goma sha shida. Idan suka shigo fili sai 'yan rumfa su ce, "Ga kakan dawaki ya zo gaisuwa." Shi dai ya yi murmushi ya ci gaba da gyara majayi.

A shekara ta biyu ya shiga doguwar tsere, mai zagaye uku. Zagayen farko shi ne na ƙarshe, har ana yi masa tafin ba'a. Matasan mahaya suka gajiyar da dawakinsu tun kafin a raba tafiya, shi kuwa yana nan a bayansu da gudu iri ɗaya. A zagaye na uku ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Daf da layi ya kamo jan dokin wani ɗan kwangila da ba zan kama sunansa ba, ya wuce shi da tsawon wuya. Mutanen bayan igiya, masu kayan miya da 'yan acaɓa da manoma, suka ɓarke da ihu, rumfa kuwa ta yi tsit. Hamma ya sauka nan take, ya sassauta sirdi, ya ja abinsa da ƙafa har gida. Yohanna ne ya karɓo masa kofin. Washegari a makaranta na ce yaya aka yi haka, ya ce, "Ni da shi mun san tsawon filin. Su ba su tambaya ba."

Kafin sukuwa ta gaba aka kira taro a gidan ɗan kwangilar. Aka kawo doka cewa dokin da ya haura shekara goma sha biyu ba zai sake shiga tsere ba, wai don tausayin dabba. Duk wanda ke ɗakin ya san doki ɗaya ne a garin nan dokar ta shafa. Waɗanda suka kawo maganar tausayi su ne mahayansu ke fasa cikin doki da ƙaimi har jini ya sauka a likkafa. Ina zaune, na sani, ban ce komai ba. Na buga takardar, na sa hannu, kuma ni aka aika in kai.

Na same shi a bakin turke yana tsefe wa dokin geza. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Turancin naka ne, Malam Sale. Na gane shi."

Na ce, "Hamma, kwamiti ne ya yanke. Ni rubutawa kawai na yi."

Ya ce, "To. Sun kira mai duba dabbobi ya gan shi?"

Na ce a'a.

"Kai ka ce su kira?"

Bai ƙara magana a kai ba, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Adda Dudu ta kawo mini ruwa. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Shekara uku bayan nan bai fasa zuwa fili ba. Yakan ɗaura sirdi, ya zo ya tsaya a bayan igiya tare da 'yan kallo. Da an busa usur sai Ɗan Kona ya ɗaga kunne ya fara tonon ƙasa da kofato, Hamma ya riƙe linzami da hannu biyu yana yi masa magana da Fulatanci a hankali. Wani ya ba shi shawara ya sayar da tsohon ya nemi matashi, ya ce, "Ba tsere nake so ba, tsere da shi nake so." Bara, bayan girbi, ya roƙe ni abu ɗaya: a bar su su yi zagaye guda tare da sauran dawaki, ba don kofi ba, ko ba a rubuta sunansu ba. Na ce zan kai wa kwamiti. An yi taro har sau uku, ban tayar da maganar ba, don ɗan kwangilar ya yi alkawarin sama wa ƙanena aiki. Duk lokacin da Hamma ya tambaye ni sai in ce ana dubawa. Daga baya ya daina tambaya.

Da damina ta faɗi ciwon hanta ya kwantar da shi. Cikin 'yan kwamiti babu wanda ya je duba shi. Ni na je sau biyu, muka yi hirar makaranta, na kasa buɗe baki in nemi gafararsa. Na ce a raina sai ya warware.

Ranar sadakar uku motocin 'yan kwamiti suka cika layin. Ɗan kwangilar ya yi dogon jawabi, ya ce Jalingo ta yi rashin gwarzo, kuma kwamiti zai sa kofi da sunan marigayi. Aka shiga aka gaya wa Adda Dudu. Ta aiko ƙaninta da amsa, ya faɗe ta a gaban kowa: "Ta ce ta gode. Ta ce mai sunan ya yi shekara uku a bayan igiyarku kuna ganinsa. Ku bar masa sunansa ya huta." Babu wanda ya ɗaga kai. A makon na mayar musu da tafiretarsu da fayil ɗinsu. Na san wannan bai gyara komai ba.

Ɗan Kona ya koma wurin ƙanin marigayi a rugarsu, an cire masa sirdi ke nan. An ce yana cin abinci, amma kaɗan.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bobbo, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da tausayin da ya nuna wa dabba da 'ya'yan mutane. Ka ba Adda Dudu da 'ya'yansa biyar haƙuri, Ka zama gatansu, kada Ka bar su a hannun masu zuwa sai bayan an binne. Mu kuma da muka ga zalunci muka yi shiru, Ka sa ya yafe mana ranar da za mu tsaya a gabanKa, don ni ban nema ba lokacin da yake iya ji. Amin.