Langar Mama da Muryar Bayan Bango

Jiya ina neman tukunyar dafa wake a can ƙuryar kabad, sai wata tsohuwar langa ta zamo ta faɗo ƙasa. Ƙarar murfinta ce ta tsayar da ni cak. Fara ce mai jan baki, fentinta ya ɓantare a wuri uku, in ka gan ta a bola ba za ka sunkuya ba. Amma langar nan ta fi kowa sanin abin da aka yi mini, don ita ta yi ta kai da komo tsakanin gidanmu da gidan matar da ta koya mini waƙa.

A Gorton na tashi, cikin jerin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Baba direban bas ne, Mama kuma tana aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Ni ce 'yar fari, kuma duk da nisan da iyayena suka yi da gida, kunyar ɗan fari ta biyo su har Manchester. Mama ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Ba ta yaba mini, ba ta shiga maganata a gaban mutane. Duk wata shawara mai nauyi a kaina, wurin yayan Baba ake kai ta, wanda muke kira Baba Babba, a can Sparkhill ta Birmingham. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, na san haka aka yi wa Mama ita ma.

A bayan bangon falonmu akwai wata tsohuwa baƙar fatar Amurka, ita kaɗai a gida. Kullum da hantsi sai murya ta taso daga wurinta, siririya, tana hawa tana hawa har ka ce yanzu za ta tsinke, amma ba ta tsinkewa. Ranar farko Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Matar nan lafiya kuwa? Ko a kira mata GP, likita ya duba ta?" Mama ta zuba tuwon shinkafa a langa, miyar taushe a wani kwano, ta ce in miƙa. Washegari langar ta dawo da burodin masara mai ɗumi a ciki. Mama ta buɗe, ta gyaɗa kai, ta ce wannan ta san mutunci, ba ta maido kwano wayam ba. Daga ranar muka fara kiranta Kaka.

Sai a hankali na san ko wace ce. Mawaƙiyar opera ce, wato wasan kwaikwayon nan na Turawa da komai da waƙa ake faɗinsa, ba lasifika, muryarka ce kaɗai za ta cika ɗakin da ke cin dubban mutane. Ita kuma muryarta irin wadda ta fi kowace tashi sama ce, soprano suke ce mata. A kudancin Amurka aka haife ta, mahaifinta ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, kuma a cocin baƙaƙe ta fara waƙa. Ta ba ni labarin garuruwan da ta yi waƙa aka tashi tsaye ana tafa mata, amma ta ƙofar kicin ta shiga, kuma otal ɗin da masu tafin suka kwana bai karɓe ta ba. A ƙasarta an yarda ta fito a baiwa ko mai aikin gida, ban da gimbiya. Sai da ta tsallako Italiya da Jamus aka ɗora mata kambi, shi ma bayan an lafta mata farar hoda har wuya. Hotunan suna nan jere a kan fiyanonta, tana nuna su da sanda tana dariya, wai dubi yadda aka mai da ta fatalwa. Daga baya ta auri wani mutumin Manchester mai goge, ya rasu ya bar ta a wannan ɗan gida, da guiwa mai ciwo da murya da ta ƙi tsufa.

Ina da shekara goma ta ji ni ta bango ina rera waƙar coci ina wanke-wanke. Da na kai langa, ta riƙe hannuna ta ce in maimaita. Tun daga nan, kowace Talata da Alhamis bayan makaranta ina falonta. Wata biyu ban rera ko baiti ɗaya ba, numfashi kawai. Ta kwantar da ni a kan darduma ta ɗora mini ƙaton littafi a ciki, ta ce shi zai riƙa ɗagawa, ba kafaɗa ba. Ta kunna kyandir ta ce in yi waƙa a gabansa kada harshen wutar ya motsa. In mun gama ta haɗa mini ruwan zafi da citta da zuma. Masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa, kuma ina son ta kamar in mutu.

Abu ɗaya muka yi ta fama a kai, ido. A gidanmu yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya tambayarsa dalili. Kaka kuwa da na sunkuyar da kai sai ta buga sandarta a ƙasa. Da Turancinta mai jan baki take cewa, "Dube ni, yarinya. Mai gaskiya ba ya kallon takalminsa." Nakan ɗago na ɗan lokaci, kai ya sake komawa inda ya saba.

Shekara uku muna haka. Wani lokacin in ina rerawa nakan ji motsin kicin ɗinmu ya tsaya a ɗaya gefen bangon, famfo ya yi shiru. In na koma gida kuwa Mama sai ta ce, "Ke, shinkafar can ba za ta tsince kanta ba."

Da bazarar da na cika sha uku, Kaka ta rubuta wa wani tsohon abokin aikinta, wanda a da yake kaɗa mata fiyano, yanzu yana koyarwa a wata makarantar waƙa a Birmingham. Ya amsa cewa a kawo ni ranar wata Asabar ya saurare ni, in na yi masa zai ɗauke ni ajin yara. Kaka ta dogara sandarta ta shigo gidanmu da takardar, karo na farko da ta taka falonmu. Baba ya ce maganar yarinyar nan ba a hannunsa take ba, amma an yi sa'a, yayansa a garin yake. Aka kira Baba Babba a waya, ya gaisa da Kaka da ladabi, ya ce shi da kansa zai kai ni har ƙofa. Guiwarta ba ta barin ta tafiya, don haka ta ba ni gyalen siliki da ta taɓa sawa a dandali, ta ce in ɗaura a wuya saboda sanyin mota.

Ranar Juma'a Baba ya kai ni Sparkhill ya juya. Da safiyar Asabar na yi wanka, na ɗaura gyale, na zauna a bakin kujera ina jan numfashi irin na littafi. Baba Babba ya fito da waya a hannu ya ce, "Kash, 'yata. Yanzu school ɗin suka kira. Malamin ba shi da lafiya, sun yi cancelling. Za su neme mu." Ya kai ni Stratford Road ya cika mini leda da alewar Indiyawa. Na ci ina hawaye, har da yi masa godiya.

Da na dawo, Mama ta ce tsohuwa ba ta jin daɗi, kada in dame ta wannan makon. Mako ya cika na ƙwanƙwasa. Kaka ta buɗe ƙofa, amma ba ta matsa daga bakinta ba. Fuskarta ba irin wadda na sani ba ce. Ta ce, "Akwai abin da za ki faɗa mini?" Ni kuwa na ga babba ya haɗe rai, sai na yi abin da aka koya mini tun ina rarrafe, na dubi ƙasa na yi shiru ina jiran ta fara. Ta daɗe tana jira. Daga nan ta ce darasi ya ƙare, in koma gida, ta rufe ƙofa a hankali.

Ban tambaye ta dalili ba, ba a tambayar babba dalili. Na yanke wa kaina cewa abokinta ne ya fasa, ita kuma ta gaji da ni ta yar. Langa ta ci gaba da zuwa, Mama da kanta take kaiwa yanzu, amma wankakkiya take dawowa, ba komai a ciki. Bayan wasu watanni aka daina. Shekara biyar muka ƙara bango ɗaya tsakaninmu, in mun haɗu a hanyar kasuwa na tsallaka titi. Na tsane ta da irin tsanar da ba a yi wa kowa sai wanda aka so. Na fita daga ƙungiyar mawaƙan coci, na rungumi karatu. Ina jami'a aka ce an kai ta gidan kula da tsofaffi, daga baya aka ce ta rasu. Baba ya tambaye ni ko zan je jana'iza, na ce ina da jarrabawa. Ba ni da wata jarrabawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ba tona shi aka yi ba, mai shi ne ya buɗe da alfahari. Da na gama karatun harhaɗa magunguna aka yi mini liyafa a ɗakin taron cocinmu a Old Trafford. Baba Babba ya miƙe yin jawabi, babbar riga tana ta shan iska. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ya ce, "Da ba don dabarata ba, da yanzu wannan pharmacist ɗin tana can tana yi wa Turawa ihu a kan stage. Ni na ce mata an yi cancelling! Uwarta ma ta yi ƙoƙari, ita ta je ta sallami tsohuwar." Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Na dubi Mama, tana ta gyara murfin wata kula da ba abin da ya same ta.

A kicin ɗin cocin na tare ta. A rayuwata ban taɓa yi mata tambaya irin wannan ba. Na ce, "Mama, me kika gaya wa Kaka?"

Ta ce, "Na ce kin je bakin ƙofa kin ce ba kya so. Na ce dama kunyarta kike ji, shi ya sa kike zuwa lesson." Sannan ta ƙara, "Ke 'yar fari ce. Ba ni da baki a kanki."

Wannan maganar ce har yau take ci mini rai. Ba ta da bakin kiran sunana, ba ta da bakin cewa na iya, amma ta sami bakin da za ta ɗauki langa ta zaga ta gaya wa matar da ta sha shiga ta ƙofar kicin cewa an buɗe mini ƙofar gaba na juya. Baba Babba ban ma cika jin zafinsa ba, shi bai taɓa jin ina waƙa ba. Mama ce ke kashe famfo. Kuma Kaka ta tambaye ni, ta ba ni dama, na tsaya ina kallon takalmina. Ta tafi kabari da yaƙinin cewa shekara uku ina yi mata ƙarya.

Yanzu a Birmingham nake aiki, bas ɗin da nake shiga kullum ta gaban makarantar nan yake bi. Langar kuwa cikin kayan aurena Mama ta sa ta, ban sani ba ko da nufi. Ina da 'yar fari ni ma, kuma sunanta nake kira daga safe har yamma, har tana cewa na cika kira. Ba wanda nake kai wa maganarta. Mutanenmu da yawa a nan sun saki wannan kunyar, wasu suna kukan al'ada ta lalace. Ni dai in an fara wannan kukan nakan tashi in ba su wuri.

Watan jiya 'yar tawa ta yi waƙa ita kaɗai a taron makarantarsu, da gyalen silikin Kaka a wuya. Mama ta zo, ta tsufa, ita ma yanzu da sanda take tafiya. Da muryar ta fara hawa, na ga Mama ta kama gefen kujera. Aka gama ana tafi, ta share ido da bakin mayafi, ta ce a hankali, ba tare da ta juyo ba, "Muryar uwarta ce sak."

Shekara talatin ke nan, kuma shi ne yabo na farko. Na juya na dube ta cikin ido, yadda Kaka ta yi ta fama in koya, na ce, "Ashe kina ji, Mama."

Wannan karon ita ce ta sunkuyar da kai.