Baƙuwar Lamba a Wayar Malam Babakura

Duk wanda ya san layin 'yan waya a kasuwar Azare ya san Maikuɗi, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya sha karatu a kan masu canza waya. A faɗarsa mutum ba ya rabuwa da waya sai da dalili, dalilan kuwa duk ya haddace su. Wani batirin ne ya kumbura kamar ƙosai, wani yaro ne ya tsoma masa ita a randa, wani an zare ta daga aljihunsa ranar kasuwa yana can yana tayin akuya. Samari kam ba sai wani abu ya lalace ba, ya isa a ce aboki ya riƙo mai ido uku a baya alhali tasu ido biyu gare ta. Idan shekara biyu ta zagayo mai saye bai dawo ba, Maikuɗi kan ce ko dai ya mutu, ko ya koma wani shagon. Mutum ɗaya ne ya gagare shi fahimta, shi ne Malam Babakura mai wankin hula.

Babakura Babarbare ne, mutumin wani ƙauye can bayan Benisheik. Ya zo Azare da matarsa Halimatu Sadiya a shekarun da ƙasarsu ta rikice, da ƙullin kaya ɗaya da tabarma. Ya samu 'yar rumfa kusa da wani masallaci, ya kama sana'ar da ya iya tun yana saurayi. Ya jiƙa hula, ya bi ta da buroshi, ya sa sitaci, ya kifa ta a kan itace, ya jera a rana. Duk mai hula zanna ko Bama mai tsada a unguwar, wurinsa yake kawowa, don ba ya cinye zare. Amma arziki dai ba wanda ya taɓa yi da wankin hula. Rigunansa ba su fi a rataya a ƙusa ɗaya ba, takalminsa kuwa ya sha ɗinki har ya gaji.

To wannan bawan Allah, shi ne za ka ga ya nufo shagon Maikuɗi da waya garau, ko ƙwarzane babu, ya ajiye a kan gilashi ya ce a musanya masa. Ba ya tambayar suna, ba ya duba kyamara. Sau da yawa wadda zai ɗauka ba ta kai wadda ya kawo ba, kuma shi zai yi ciko. Abin da kawai yake cewa shi ne, “Cire min layina ka sa a waccan.” 'Yan layin suka laƙaba masa Alhaji Sabon Yayi. In ya wuce a yi ta shewa ƙasa-ƙasa, wai tsoho da rigar jiya amma wayar yau. Shi kuwa sai ya yi ɗan murmushi ya ɗaga musu hannu. Marasa ta-ido, da sun san abin da suke yi wa dariya da bakinsu ya mutu.

Abin ya faro ne a shekararsu ta farko a Azare. Yana cikin bugun hula waya ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ya ɗaga, wani mutum ya yi sallama da Barbarci, ya tambaye shi ko shi ne Babakura, sannan ya ce mutanen daji sun shiga ƙauye, jikin Baba ya yi tsanani, a yi ta addu'a. Kafin la'asar mutumin ya sake kira ya ce sai haƙuri. Daga ranar, duk sanda Babakura ya kara wannan waya a kunne, ko da mai hula ne ke tambayar ko kayansa sun bushe, sai ya ji muryar mutumin nan a ƙarƙashin maganar. Ya daure har ya kasa, ya kai ta kasuwa.

Ta biyu ta tafi bayan rasuwar yayarsa Ya Gana, wadda ciwo ya kashe a sansanin gudun hijira. Wata ta tafi saboda ɗan ƙaninsa da ya je itace bai dawo ba. Haka aka yi ta yi, gida babba mai cike da mutane yana ƙarewa ta cikin kunnen mutum ɗaya.

Halimatu Sadiya ta taɓa tsare shi. “Malam, ka ji tsoron Allah, wannan camfi ne. Waya ce ta kashe su?”

“Ban ce ita ta kashe su ba,” in ji shi. “Na san Mai kashewa. Amma ke za ki iya ci gaba da cin tuwo a kwanon da aka yi wa mamaci wanka da shi?”

Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

A hankali ya lura da wani abu. Mamaci ba ya kira da layinsa. Maƙwabci ne ke kira, ko direba, ko wani da ya tsinci lambar a bakin mai jinya. Duk mummunan labarin da ya taɓa riskarsa, baƙuwar lamba ce ta kawo shi. Sai ya daina ɗagawa. In suna ya fito, ya amsa. In lamba ce tsirara, ya kifa wayar a kan tabarma ya bar ta ta yi kukanta ta gaji. Ya rasa masu kawo hula ba ɗaya ba saboda wannan hali, bai damu ba. Layin ne dai bai taɓa yarda ya canza ba, don akwai mutum ɗaya a duniya da ya haddace lambar a ka, wansa Zarami.

Zarami ne kaɗai ya rage masa. Shi ya goye shi bayan uwarsu ta rasu, shi ya koya masa riƙon fartanya, shi ya tsaya masa ranar aure. Da ƙura ta ɗan lafa ya koma ƙauyen, ya gyara ɗaki ɗaya a cikin kangon gidansu, yana noma abin da aka bar mutane su noma kusa da gari. Matarsa ta rasu, 'ya'yan sun riga ta. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, ɗaure da roba, tun ta zamanin zaman lafiya, bai taɓa tunanin canza ta ba. Duk Juma'a bayan an sauko zai hau wani tudu a bakin gari inda sabis ke kamawa, ya kira.

Kuma duk Juma'a magana ɗaya ce. “Ya Zarami, ka taho. Ɗaki na nan, Halimatu ta share shi. Me ya rage maka a can?”

“Kura, kai dai ba ka gajiya,” Zarami zai ce yana dariya mai haɗe da tari. “In na taho wa zai riƙa gaida kabarin Baba?”

Shekaru ana wannan ja-in-ja. Babakura ba ya son komai a duniya kamar ya ga wansa zaune a tabarmar rumfar nan yana kurɓar shayi, in ma mutuwar ce ta zo, ta same shi a hannun nasa, a yi masa sutura da mutunci. A daminar bara tsohon ya sassauto. Ƙafafu sun fara kumbura, ido ya rage. Ya ce to, in an yanke gero zai taho. Ranar Babakura har nama ya sayo.

A lokacin wayar da ke hannunsa ta daɗe fiye da duk waɗanda suka gabace ta, ta doshi shekara uku. Maikuɗi in ya hango shi sai ya ce, “Alhaji Sabon Yayi, an tuba ne, ko wani shagon aka koma?” Babakura ya saba da ita kamar yadda ake sabawa da tsohuwar buta. Ba ta taɓa faɗa masa abin da ba ya so ba.

Wata Alhamis, gero bai ma gama nuna ba, ana shirin kiran azahar, ta yi ƙara. Lamba tsirara. Ya kifa ta. Ta katse, ta sake. Ta sake. Ya mayar da hannunsa cikin ruwan sitaci. Da ta yi shiru ya goge hannun a riga ya kira Zarami, aka ce wayar a kashe take. Wannan ba sabon abu ba ne, in ba a kan tudu yake ba kullum haka ake cewa. Babakura ya faɗa wa kansa haka, ya maimaita, amma zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Wani ne zai yi sallama da Barbarci ya tambaya ko shi ne Babakura.

Kuma ga irin tunanin da tsoro ke sa wa mai hankali: muddin bai ɗaga ba, Zarami na raye. Gobe Juma'a, zai hau tudu ya kira, a yi dariya. Sai ya ƙudura zai jira goben.

Lambar ta sake kira da la'asar, ta kira bayan magariba suna cin tuwo. Halimatu Sadiya ta dube shi.

“Malam, mai wannan naci ba mai hula ba ne. Ka ɗaga.”

“Masu damfara ne,” ya ce, bai ɗago kai ba.

“To ba ni in ji damfarar.”

Ya miƙa hannu ya danne wayar a ƙarƙashin cinyarsa. Tuwon ma bai ƙarasa ba.

Da safe ta kuma yin ƙara yana alwala. Wannan karon ya tura ta ƙarƙashin katifa ya fice, ya ce zai dawo bayan masallaci ya jira kiran wansa. Aka sauko daga Juma'a, ya kama hanyar gida, ya kai bakin lungu, ya tsaya. In ya shiga ya zauna wayar ba ta yi ƙara da sunan Zarami ba fa? Sai ya juya ya koma rumfa, ya ɗauko hulunan da ya riga ya wanke ya sake jiƙa su.

Can wajen la'asar ya ga abin da bai taɓa gani ba, Halimatu Sadiya a bakin rumfarsa, cikin hijabi, wayar a hannunta.

“Na ɗaga,” ta ce. “Wani ne Saleh, mai shayi a tashar Potiskum. Yaya Zarami yana wurinsa tun jiya. Hanya ya kamo zai zo nan, ciwo ya kama shi a mota. Ya ce jikin ya yi tsanani, ka je yanzu.”

Potiskum. Nan da Potiskum, tafiyar da in ka fita bayan azahar za ka yi la'asar a can. Babakura ya bar hulunan mutane a cikin ruwa ya nufi tasha. A mota ya yi ta juya maganar nan ta jiki ya yi tsanani. Ya san ta, ya sha jin ta, ya san abin da ke biyo bayanta. Duk da haka ya riƙe ta da hannu biyu, yana cewa ai wani lokacin da gaske jikin ne kawai ya yi tsanani.

Bai sha wahalar samun rumfar ba. Saleh mutum ne siriri mai furfura a gemu. Da Babakura ya faɗi sunansa, sai ya sauke butar shayin, ya kama hannunsa ya zaunar da shi a benci, ya ce sai haƙuri. Da hantsi Allah Ya karɓi abinSa. 'Yan tasha suka haɗu aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan Juma'a, aka kai shi.

Babakura bai yi kuka ba. Ya ce a faɗa masa yadda aka yi.

Saleh ya ce jiya da rana wata mota daga Damaturu ta sauke tsohon, fasinjoji sun ƙi yarda a ci gaba da shi saboda amai da gudawa. Ya shimfiɗa masa kwali a bayan rumfa, ya haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Wayar tsohon ta mutu tun a ƙauye, shi ya sa ya taho ba sanarwa, amma ya karanto lamba da ka, tiryan-tiryan, ya ce ta ƙaninsa ce a Azare. Suka yi ta kira. Da yamma Saleh ya ɗauko mai kemis, ya sa masa ruwa leda ɗaya, ya ce wannan sai asibiti, kuma kada a kwana.

“Mun samo mai Keke, har ya tsaya a nan,” in ji Saleh. “Tsohon ya ƙi. Mun yi, mun yi, ya ce ba inda za shi. Wai in aka ɗauke shi daga tasha za ka zo ka rasa shi. Ya ce Azare ce fa, nan kusa, yanzu za ka iso, a can za ka kai shi asibiti da kanka. Duk motar da ta shigo daga wajenku sai ya ɗaga kai ya duba. Da na ce masa ba a ɗagawa, sai ya ce in sake, Kura ba ya ƙin amsa kira, ƙila hannunsa da sitaci ne.”

Ana ta lodin motar Azare a gefensu, kamasho na kiran saura mutum ɗaya. Saleh ya dubi wayar da Babakura ya riƙe a kan gwiwa, ya yi maganar da mutumin kirki zai yi don ya sauƙaƙa wa wanda aka yi wa mutuwa.

“Na ce wa mutane ƙila wayar ce ta lalace. Wayoyin yanzu ba su da ƙarko. Ita ce ta ba da matsala, ko?”

Babakura ya dubi wayar.

“Lafiyarta ƙalau,” ya ce.

Saleh ya rage wutar shayin, ya zura takalmansa, ya ce su yi sauri su je maƙabartar kafin a kira magariba.