Mun Je Minna Kashe Ƙwayoyi, Aka Ce Mu Yi Kiwonsu

Mun tashi da asuba, amma kada ku ɗauka da asuba muka bar Kagara. Yanzu babu direban da zai hau hanyar nan sai gari ya waye sarai, ya ga motoci sun fara ɓullowa daga wancan ɓangaren. Haka muka zauna a kan bencin tasha mu uku: ni, da yayata, da 'yarta mai shekara tara. Ni kuwa ba ni da haƙurin jira, kun sani. Sau uku ina zuwa wurin ɗan kamasho, a na ukun ya ce, "Hajiya, in kin matsu ga hanya nan, ba a kulle ta ba."

Saboda yarinyar muka yi tafiyar. Tana da ƙiba, kuma ta wuce wadda ake kallo a ce tubarkalla. In ta ɗan taka sai haki, cinyoyinta na gugar juna har su saluɓe, bayan wuyanta ya yi baƙi kamar dauɗa, ko an dirje da soso ba ya fita. Mako uku ke nan ta ƙi zuwa makaranta. An yi faɗa, an yi lallashi, abin da take cewa kawai shi ne yara na tsokanarta. Me suke cewa? Ta ƙi faɗa. Ni na matsa wa Yaya mu je Minna a ba mu maganin rage ƙiba a wuce wurin.

Da mota ta cika, direba ya dubi yarinyar ya ce wannan ai wurin mutum biyu ne. Na sauke masa kwandon masifa, har masu shayi suka miƙe suna kallo. Na yi nasara kuwa. Sai da na zauna ina huci na ga ta ja hijabi ta rufe fuska gaba ɗaya. Rabin tasha ba su lura da ita ba sai da na ɗaga murya.

Hanyar tana nan yadda kuka santa. Daga Tegina zuwa Zungeru rami ne ke miƙa ka ga ɗan'uwansa, ga shingen jami'an tsaro nan da can. Amma ƙasar ta yi kyau, damina ta zauna, dawa ta fi mutum tsawo. A gadar Zungeru ruwa ya cika ya yi ja, masu soyayyen kifi suka yanyame tagogi. Ko tayi ban yi ba, tsadarsa ta isa. Gaba kaɗan muka fara cin karo da matan Gwari, kaya a kafaɗa, suna tafiya kamar ba su ɗauki komai ba. Duk wannan tafiyar jakar Yaya ba ta huta ba. Biskit, cincin, lemon kwalba. Yarinyar ba ta roƙa ba ko sau ɗaya, miƙa mata ake yi, ita kuma ta juya wajen taga ta ci a ƙarƙashin hijabi.

Muka shiga Minna ta Maikunkele da Bosso, muka hau keke zuwa asibiti. Kati, layi, awo, ɗibar jini, wani layin. Sai bayan azahar muka ga likitar yara, wata mata mai tabarau da furfura kaɗan a goshi. Hausarta irin ta Minna ce, yarinyar ma "shi" take ce mata, amma ban taɓa jin wanda ya yi bayani ya shige ni kamar nata ba.

Ta tambayi abin da ake ci a gida, da lokacin barci, da wasa. Sannan ta ce a cikin hanjin kowa akwai ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa, kuma masu bincike sun lura na yara masu ƙiba sukan bambanta da na sauran. Yaya ba ta bari ta kai aya ba.

"Na faɗa! Wallahi na san akwai abu a cikin nan. Likita, a rubuta mana mai ƙarfi wanda zai kashe su duka."

Likita ta cire tabarau ta yi dariya. "Maman yarinya, Hausa ne bai kyauta musu ba. Ya haɗa su duka ya ce cuta. Yawancinsu ma'aikatanki ne. Su ke taya shi narka abinci, su ke tare masu cutar na gaskiya. In kin kashe su, wa zai yi aikin?"

Ta tambaya ko ana ba ta kafso. Yaya ta ce duk sanda ta yi mura ko cikinta ya ɗan juya, takan aika kemis a sayo ja da rawayan nan, tun tana goye. Likita ta ce irin wannan maganin ba ya tambayar na kirki da mugu, shara yake yi, don haka kada a ƙara sai likita ya rubuta.

Nan sai hawaye suka zubo wa Yaya. Ni na san dalili, likita ba ta sani ba, don haka na faɗa mata. Ɗan Yaya na fari gudawa ce ta tafi da shi yana shekara biyu, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Tun daga ranar, Yaya ba ta iya ganin yaro da hannu wayam. Likita ta miƙo hannu ta dafa nata.

"Ba ki yi laifi ba. Tsoro ne ya ciyar da shi. Yanzu za mu canza abin da ke cikin kwanon ne kawai."

Na ce to maganin rage ƙibar fa? Ta ce babu, kuma kada in kuskura in sayo shayin da ake tallarsa a waya. Ta ce ita ba za ta yi mana ƙarya ba, har yanzu ba a gama sanin ƙwayoyin nan ba, kuma ba su kaɗai ke kawo ƙiba ba. Abin da aka tabbatar yana taimako shi ne abinci, da motsa jiki, da isasshen barci, kuma gida duka za a yi, ba a ware yaro da kwanonsa daban kamar mai laifi ba.

Sai ta juya ga yarinyar. "Kuna da awaki a gida?" Ta ɗaga kai. "To kai ma kana da kiwo a ciki. Suna son wake, da zogale, da kuka, da gero, da kindirmo. Lemon kwalba da biskit ba ya ƙosar da su." Karo na farko ke nan tun safe da na ga haƙoranta.

Da likita ta ga ta sake, sai ta tambaye ta a hankali me yara ke ce mata a makaranta. Ta daɗe tana murza bakin hijabi.

"Randa."

"Wa ya fara?"

Ni ta kalla.

Ni ce. Tun tana shekara huɗu na raɗa mata shi, da wasa, ina ɗaga ta ina cewa randar gidanmu. Yaran maƙwabta suka ji, suka kai makaranta. Ni da na zo Minna da bakina a gaba, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Likita ta ci gaba da rubutunta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka sauka gidan goggonmu a Dutsen Kura, layin masu walda. Goggo ta ji bayani ta ce, "Au, abincin da kuka raina ne ya koma na asibiti?" Ta dafa faten wake da alayyafo, ta tsayar da wata Bafulatana ta karɓi kindirmo. Yarinyar ta leƙa kwano ta ce, "Goggo, su suna cin wannan?" Goggo ta ce har su nemi ƙari. Ta zauna a tsakiyarmu ta ci, fuska a buɗe.

Da la'asar na ce wa yarinyar ta zo mu taka. Ni tafiyata kamar ana kora ta, dole na koyi rage sauri. Muka wuce masu walda da mai gyaran keke, muka kai bakin titi, tana haki amma ba ta ce a koma ba. Ban iya kwana-kwana ba, don haka na ce mata, "Na cuce ki. Ki yafe mini. Ba zan ƙara faɗa ba, kuma duk wanda ya faɗa a gidanmu zai gamu da ni."

"Anti, ban da ihu dai."

"To, ban da ihu."

"Kuma me za ki riƙa ce mini?"

"Sunanki mana. Ba don shi aka yanka rago ba?"

Ta kama hannuna, muka juyo.

Washegari muka biya kasuwa, Yaya ta cika jaka da gyaɗa da lemon zaƙi da goba, muka kamo hanya da wuri don mu isa da rana. A Zungeru na ga hannun Yaya ya tafi jaka ya dawo har sau biyu. Da wuya, na sani. A na ukun ta ɓare lemo ta raba mana mu uku.

Yau kwana goma da dawowarmu. Kada wanda ya tambaye ni ko ta rame, ba ta rame ba, likita ma ta ce ba a watan nan za a gani ba, za mu koma awo. Babanta na ta gunaguni a kan tuwon dawa, amma yana cinyewa. Ranar Litinin ta saka kayan makaranta da kanta, da sharaɗin in raka ta a ƙafa kuma in rufe bakina. A bakin ƙofa wata yarinya ta kira sunan nan. Na ji kaina ya yi zafi, amma na yi alkawari. Ta ɗan tsaya, ta gyara jakarta, ta shige. Na daɗe a wurin bayan an kaɗa ƙararrawa.

Abin da na koyo bai da yawa. In an ce maka abu cuta ne, ka tambaya tukuna kafin ka nemi maganin kashe shi. Kuma kafin ka yi wa yaro wasa da jikinsa, ka tuna cewa kai za ka yi dariya ka shiga ɗaki, shi kuwa da jikin zai fita gobe.