Hoto Ɗaya Cikin Ashirin da Biyar

A layin masu gyaran waya kowa Mai Almakashi yake ce masa, ko da yake rabonsa da almakashi tun zamanin kaset. Shekara ashirin da biyu ke nan yana tace bidiyo a wani ɗan shago mai fanka mai tari. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tilo, wadda yake kira Uwata.

Ya san abin da masu kallo ba su sani ba: kowace daƙiƙa ta bidiyo hotuna ashirin da biyar ce a jere. In ka zare ɗaya ka cusa naka, ido ba zai kama ba, amma an ce zuciya tana ɗauka. Ya yi wa mai kamfanin lemo, ya yi wa masu neman ƙuri'a. Ko abin na aiki ko ba ya yi, bai taɓa damuwa ba.

Sai takarda ta zo, an ba Uwata gurbin karatun likita a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu. Ya zagaye layin yana shela, baki har kunne. Da ya koma shago kuwa, ya ɗauko bidiyon marigayiya, wanda yarinyar ke kallo duk ƙarshen mako, ya cusa baƙin hoto mai farin rubutu a wuri arba'in: KADA KI TAFI.

Mako shida yana satar kallon fuskarta. Yau da safe tana zuba masa shayi ta ce, "Baba, na fasa."

Yau kuma ƙarfe huɗu makarantar ke rufe karɓar amsa.

Tun safe ya kasa aiki. Mai gyaran waya na maƙwabta ya leƙo ya ce, "Baban likita, wannan gumi fa? Ko tun yanzu za a fara yi maka allurar?" Shi kuwa hankalinsa na kan Uwata. Ra'ayinta ne, ko nasa ne ke fitowa ta bakinta? In ya yi shiru, a ƙofar nan za ta tsufa tana kawo masa abinci, shi kuma kullum ya dube ta ya ga aikin hannunsa.

Wajen ƙarfe uku ta shigo da kwano.

"Zauna, Uwata."

Ya kunna bidiyon, yana matsawa hoto ɗaya-ɗaya. Ga mahaifiyarta tana dariya, tana kare fuska da hannu. Sai baƙi, sai rubutun. Ya jira kuka, ko ihu.

"Na gani ai," in ji ta. "Tun makon farko."

"Kin gani?"

"Baba, ka ɗauka kallo nake yi kamar kowa? Tsayarwa nake yi, ina bin fuskar Mama ɗaya bayan ɗaya. Talatin da takwas na ƙirga."

"Arba'in ne," ya ce, bai san ya faɗa ba.

"To biyu sun tsere mini." Ba ta yi murmushi ba. "Na ce mutumin da ya kasa buɗe baki, har ya ɓoye a bayan matarsa da ke kabari, in na tafi me zai zama?"

Fanka ta yi tari. Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata. Ta fito da wayarta, ta buɗe shafin amsar, ta ajiye a tsakaninsu.

"Yanzu faɗa da bakinka, yadda kunnena zai ji."

Ya dubi baƙin allon, ya dubi kwanon da ko buɗewa bai yi ba.

"Tafi," ya ce. "Ki tafi, Uwata."

Ba ta taɓa wayar ba tukuna. Ta kafe shi da ido, tana bin fuskarsa a hankali, kamar mai neman hoton da aka cusa a ciki. Ya ƙanƙame gefen tebur, ya hana idonsa ƙiftawa, har sai da yatsanta ya sauka a kan maɓallin amincewa.