Hutun da Na Zaɓa Don Kada a Tafi da Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ɗana na fari yana da shekara biyu da rabi, ƙanwarsa kuma tana wata biyar, maigidana ya dawo daga aiki ya same ni zaune a ƙofar kicin ina gyangyaɗi, ludayi a hannu, miya tana ƙonewa. Ya sauke tukunyar da kansa, ya ce, "Wannan gajiyar ta isa haka. Idan na samu hutu mu je wani wuri, ko na kwana huɗu ne. Ke za ki zaɓa."

Ban ko tsaya tunani ba na ce bakin teku. Ni da ban san wani ruwa ba bayan kogunan Kubanni da Galma na nan Zariya, amma hotunan da nake gani a waya sun gama cika mini ido: farin yashi, iska, mace a kwance babu mai kiran sunanta.

A lokacin mahaifiyata tana tare da mu a gidanmu na cikin birnin Zariya. Ta zo ne daga ƙauyenmu don haihuwar, da yake tiyata aka yi mini, daga nan ta zarce saboda na koma aiki a wani ofis a unguwar Kongo. Ita ke goya jaririyar, ita ke bin yaron lungu-lungu idan ya sulale waje. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke".

Zaɓen wurin nan ya ci mini kusan mako uku. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗauko waya da takarda. Na duba wajen Kalaba, na ga tafiyar ta yi wa jinjira nisa. Na duba Kwatano, mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Ƙasar wasu, da ɗanyen goyo? A'a." Na soke. Ba ta karanta boko, amma tambayoyinta sun fi duk abin da nake karantawa amfani.

"Akwai inuwa a wurin?"

"Ban duba ba, Inna."

"To duba. Ruwan kuma, mai hankali ne ko mai fizga? Ina za a dama wa yaron kunu? In jikin yarinyar ya yi zafi, ina asibiti yake?"

Haka muka yi ta tankaɗe har wurare biyu suka rage, duka a Legas. Na farko gida ne ɗan madaidaici mai ɗaki biyu da kicin, ga itatuwan kwakwa, ruwan gabansa a kwance yake saboda wasu duwatsu sun tare igiyar, asibiti kuma yana kusa. Na biyu wani wuri ne na 'yan gayu, sai an shiga kwalekwale ake isa, ɗaki ɗaya ne na katako mai fararen labule. A hoto kamar ba a duniya yake ba. Ta kowace fuska na farkon ne ya dace da mai yara biyu, ni ma na san haka.

Ranar da na nuna wa maigidana, yana tsaye daga bakin zaure, sai ya ce da ƙarfi yadda Inna za ta ji, "Ai shi ke nan, ɗaki biyu. Inna da yaron su ɗauki ɗaya." Mahaifiyata ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ta ce, "Kai Malam, ina ni ina teku." Amma na ga bakinta yana motsi irin na mai ɓoye murmushi. Washegari ta ba da takalminta a gyara mata.

A nan ne zuciyata ta fara kawo mini wasu hotunan. Na ga Inna a filin jirgi tana gaida kowa har da tambayar mutanen gida. Na gan ta tana cin shinkafa da hannu a gaban masu cokali mai yatsu, jan goro a haƙoranta, ta ƙi shiga lif mai hawa da mutane bene, tana tambayar ma'aikata alƙibla da Hausa. Ina son in je inda babu wanda ya san daga ina na fito, ga shi za a haɗa ni da shaidar.

Bayan kwana biyu ƙawata ta ofis ta kira, muna hira ina cikin ɗaki, taga a buɗe. Na ce mata, har da dariya, "Wai da Inna za mu tafi. Ke ki ji! Hutu zan yi ko gadin tsohuwa? Wallahi sai ta kunyata ni." Muka yi dariyarmu muka gama. Ina fitowa na ga mahaifiyata a gindin tagar tana shanya kayan jaririya a igiya. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ke, miƙo mini sauran wankin." Na miƙa mata. Na ce wa kaina ba ta ji ba, na kuma yarda da kaina, don hakan ya fi sauƙi.

Da yamma na ce musu gidan mai ɗaki biyu ya cika, sai wancan mai ɗaki ɗaya ya rage. Ƙarya ce tsagwaronta, ko kiran su ban yi ba. Maigidana ya ce a nemi wani mana, na ce lokaci ya ƙure. Mahaifiyata ta ce, "Ai ya fi. Dama ina so in leƙa gida in ga awakina." Ta kwana biyu tana haɗa mana guzuri: garin kunu, dambun nama, man kaɗanya, har da ɗan tsumman goyo na biyu wai ko ɗaya zai jiƙe.

Muka bi mota zuwa Kaduna, muka hau jirgi, muka sauka Legas, sannan kwalekwale. Rigar hana nutsewa da aka sa wa ɗana ta kai masa har gwiwa. Injin yana tashi ya fara ihu, bai daina ba har muka sauka, ƙanwarsa ta taya shi. Na isa wurin hutuna da amai a gaban hijabi.

Wurin yana da kyau, ba zan yi musu ƙazafi ba. Amma an gina shi ne don ango da amarya. Babu kicin, ruwan zafi sai an aika an jira. Bishiya babu ko ɗaya kusa da ruwa, sai lema biyu da wasu suka riga mu kamawa. Tekun kuwa ruri yake, yana dukan yashi kamar da faɗa. Yaron ya ƙi abincinsu, dambun Inna da kununta kawai yake karɓa. Fararen labulen nan da suka ja ni, a rana ta farko ya shafa musu man kaɗanya. Hoto uku na ɗauka, a dukkansu idona a kumbure yake.

Rana ta uku da hantsi, maigidana ya tafi karɓo ruwan zafi a filas, ni ina zaune a yashi ina shayar da yarinyar a ƙarƙashin hijabi. Yaron yana gefena yana tona rami. Na sunkuya gyara mata kai, ban fi ƙiftawar ido ba, na ɗago na gan shi can gaba yana bin wani ɗan ƙaguwa. Igiyar ruwa ta taso ta buge shi ya faɗi, ta fara janye shi. Na yi ƙara, na yunƙura, ƙafata ta harɗe da hijabi, ga jinjira a ƙirji.

Wata tsohuwa ce ta riga ni. Suna zaune kusa da mu ita da iyalinta tun safe. Ta shiga ruwan da zaninta har cinya, ta cafko shi ta wuyan riga, ta ɗora shi a kafaɗa tana bubbuga bayansa har ya amayar da ruwan ya fasa kuka. Da na iso, ko godiya na kasa yi da kyau.

Suka ja mu zuwa shimfiɗarsu. Tsohuwar ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, Yarabanci kawai. Ta goge wa yaron fuska da gefen zaninta, ta gutsura masa abin da take ci da hannunta, ya karɓa. 'Yarta, mace mai gilashi da waya biyu, wadda daga gani babbar ma'aikaciya ce, tana zaune a jikinta tana cire mata yashi daga ɗankwali. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi yaran, ta yi magana. 'Yar ta fassara mini: "Mama tana tambaya, yara biyu ƙanana haka, ina kakarsu?"

Maigidana ya riga ya iso da filas a hannu. Na buɗe baki zan ce ba ta da lafiya, sai na ji ƙaryar ta maƙale. Na ce, "Tana gida." Tsohuwar ta girgiza kai kawai, ta ci gaba da ba yaron abinci.

Muna komawa ɗaki na faɗa wa maigidana komai, har maganar taga. Ya kama sauya wa yaron kaya. Can ya ce, "Ba ni za ki faɗa wa ba."

Da muka dawo Zariya gidan a rufe yake. Mako ya wuce Inna ba ta dawo daga ƙauye ba, sai saƙo ta bakin ƙanena cewa aiki ya yi mata yawa. Ranar Asabar na goya yarinyar, na riƙe hannun yaron, muka shiga motar ƙauye. Na same ta a bayan ɗaki tana matsar man gyaɗa. Ta wanke hannu ta karɓi jikokinta, ta yi musu wasa, ta tambayi Malam. Ni ko kallona ba ta cika yi ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, gidan nan bai cika ba. Ƙarya na yi."

"Na sani."

"Kin ji abin da na faɗa a waya?"

"Ina da kunne."

Na fara kuka, irin mai majina, ina ba ta haƙuri, ina ba ta labarin yadda ruwa ya so ya tafi da yaron. A nan ne kawai ta firgita. Ta janyo shi ta dudduba kansa da kunnuwansa tana salati, kamar yanzu abin ya faru. Da ta natsu, ta koma kan turminta, ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Mijinki ya ce in zo. Ke nake jira ki ce. Da kin ce, Inna, zo mu je, da na ce miki a'a, ku je ku huta. Me zan yi da ruwan da ba a sha? So nake kawai ki ce."

Ta miƙo mini muciya ta ce in taya ta, tunda na zo.

Bayan mako biyu ta dawo gidanmu da kanta, ba ta sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Sau biyu daga baya na ce mata mu je, da gaske nake, har gidan na nemo. Ta ce gwiwoyinta ba za su iya ba. Yanzu kam da sanda take tafiya.

Yaran sun girma, babban ba ya ma tuna ya taɓa faɗawa teku. Mahaifiyata ta yafe mini tun ranar, na sani. Abin da ban sani ba har yau shi ne ko da gaske a'a za ta ce, ko kuwa ta faɗi hakan ne don ta rage mini nauyi, kamar yadda ta saba rage mini kowane nauyi tun ina goye. Na sha zama kusa da ita da niyyar in tambaya. Sai in dubi fuskarta, in ji kunya ta rufe ni, in ce mata ko in dama mata fura.