Tulu Ɗaya a Gidan Su Sanatu

"Tica, ina da tambaya." Sanatu ce ta ɗaga hannu, ƙafarta naɗe da tsumma saboda ciwon kurkunu.

Muna aji huɗu a Kaladan ke nan, a shekarun da Ghana ta samu 'yancin kai. Malaminmu ya shirya mana muhawara a kan amfanin wanka da wanke hannu. Ni na jagoranci ɓangaren masu tsabta, na yi ta zuba bayanin ƙwayoyin cuta har aka tafa mini.

Sanatu ta ce, "Tulu ɗaya uwata ke iya ɗaukowa daga dam. Mu sha, mu yi tuwo, ko in yi wanka?"

Sai Tica ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Yanzu ƙasar tamu ce. Kafin ki girma famfo zai zo har ƙofar gidanku."

Ɓangarena aka ba nasara. Sanatu kuwa ba ta ƙarasa shekarar ba, ƙafar ta hana ta zuwa makaranta.

Jiya, ni da na tsufa a aikin koyarwa, aka gayyace ni alƙalancin irin wannan muhawara a makarantar Kasalgu. Wata yarinya ta miƙe ta ce, "Kaka, famfonmu ya daɗe bai kawo ruwa ba. Galan ɗaya muke samu a wuni. Da wane ruwan zan wanke hannu?"

Na buɗe baki, sai na ji alkawarin Tica ne ke shirin fitowa. Na haɗiye shi.

'Yan'uwana malamai, da ku ne, me za ku ce mata?