Muryata a Kan Muryar Dada

Ni sana'ata turi ce. Ka kawo waya ko memori ko filash, in zuba maka waƙa, fim, wa'azi, wasan kwamfuta, duk abin da ranka ke so. Na daɗe ina wannan aiki a wani ɗan shago a Jimeta, bayan babbar kasuwa, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da cajar waya. Makaranta a aji huɗu na bar ta, kuma ban ga abin da na rasa ba, don masu digirin ma wurina suke zuwa su zauna a benci suna roƙon in tura musu ci gaban fim.

Muna da al'ada a wannan sana'a. Duk abin da zai fita daga hannunka, ka sa masa muryarka. Tallar shago ce, gajeriya: sunan shago, sunan layi, "ku zo a tura muku," sai ƙarar ganga a ƙarshe. Ana ɗora ta a farkon waƙa ko farkon fim, don in abu ya yi yawo daga waya zuwa waya a san inda ya fito. Ba na tsayawa tunani kafin in ɗora tawa. Hannu ne ke yi, kamar yadda mai tsire ke barbaɗa yaji.

Shekarar da masu bindiga suka shiga Mubi, dangin matata suka sauka a gidana. Mutum biyu ne suka daɗe: surukata, wadda kowa ke kira Dada, da ƙanin matata. Shi magidanci ne, ya haura talatin, aikinsa zanen taswirar gidaje. Ya baro komai a can, har takardunsa, amma ya rungumo kwamfutarsa ta hannu ya taka da ita a daji. Ni Injiniya nake ce masa, don tsiya. Shi kuma Hamma yake ce min, yadda ake kiran babban wa.

Aiki babu. Wa zai gina gida a lokacin da kowa ke lissafin hanyar gudu? Sai ya koma wasa. Akwai wani wasan Turawa na takobi da tsafi, da dodanni masu fuka-fukai masu aman wuta, kana yawo cikin dusar ƙanƙara kana kashe ƙwarangwal. Na sha tura wa mutane shi, ban taɓa ganin abin burgewa a ciki ba. Ƙato da gemu, ya zauna yana sara da yatsa.

"Injiniya, yau dodo nawa ka kashe? A aika ka Mubi mana ka taimaka wa soja."

"Hamma, ba kisa nake ba. Gini nake."

Ashe gaskiya ya faɗa. Masu wasan sun bar ƙofa a buɗe: wanda ya iya zai iya gina nasa gari a ciki, ya sa mutane, ya ba su magana. Irin wannan ƙari mod suke ce masa. Akwai ma shafi guda a intanet inda masu irin wannan zaman banza ke taruwa, kowa ya ɗora nasa da sunansa, suna yaba wa juna. To shi unguwarsu ya ɗauko ya dasa a tsakiyar ƙasar dodanni. Layinsu, rijiyar bakin masallaci, bishiyar mangwaron da ta karkace, dutsen da ke bayan gari. Har katangar maƙwabcinsu da ta tsage ya sa, da tsagar tata. Na san unguwar, can na je neman aure. Ranar da ya nuna min, ban yi masa tsiya ba. Na ce dai zanen bai yi kama ba, na fita.

A bakin layin ya ajiye wata tsohuwa mai kunun gyaɗa, wadda ke tarbar duk baƙon da ya shigo. Dada ya sa ta yi muryar. Ya kai mata waya baki a tsakar gida, tana tsince shinkafa.

"Me zan ce wa wannan abu?"

"Abin da kike cewa in baƙo ya shigo, Dada."

"Baƙon ina? Aljanun cikin gilas ɗinka?"

Ta yi dariya, sannan ta gyara zama ta faɗa da gaske: "Jabbama, ɗana. Ka sha hanya. Zauna ka sha kunu, gida ka zo." Da dariyar da maganar duka ya ɗauka.

Shekara uku yana wannan gini. Burinsa ɗaya, ya sha faɗa min: in ya gama ya ɗora a shafin nan da sunansa, duniya ta san akwai wannan unguwa, kuma ɗanta ne ya sake gina ta. Kafin ya gama Dada ta rasu, a nan Jimeta, ba ta koma gida ba.

Wata rana kwamfutarsa ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa. Ya zo shago da filash.

"Hamma, ajiye min wannan a babbar kwamfutarka. Ajiya ce. Bai gama ba."

Na ce to. Na juye. Kuma da na buɗe wurin da sautuka suke na ga na farko, hannuna ya yi abin da ya saba. Na ɗora tallata a kai. Ban ma saurara na ji mene ne a ƙasa ba. Bayan haka, duk wanda ya zo a tura masa wasan dodannin nan, sai in ƙara masa da unguwar a matsayin gyara, yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kan kashi. A ganina alheri nake masa, aikinsa na shiga hannun mutane. A wurinmu abin da ke cikin kwamfuta ba ya raguwa don an juye shi, to ina ɓarnar?

Bayan kusan shekara ya gama. Ya yi wanka, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ɗora aikinsa a shafin. Kwana biyu aka sauke shi, aka rufe masa asusu, aka rubuta masa cewa ɓarawo ne. Wani ya riga shi ɗora wannan unguwar watanni da suka wuce, da nasa sunan, har Turawa suna ta zuba masa yabo, wai ya kawo musu Afirka ta gaskiya.

Injiniya ya sauko da kwafin wancan ɗin ya kawo shago da hantsi. Bai yi sallama ba. Ya ajiye kwamfutar a kan tebur, ya ƙure sauti, ya tuƙa mutumin wasan zuwa bakin layi. Tsohuwa mai kunu ta ɗago kai. Bakinta ya motsa. Sai muryata ta fito, tana ihun sunan shago da sunan layi, ku zo a tura muku, ganga ta buga. Can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ana jin ƙarshen maganar Dada: "gida ka zo."

Mai gyaran fanka ya leƙo yana dariya. "Kai, har cikin gem ka shiga talla?"

Injiniya bai dube shi ba. "Hamma, ajiya na ce."

"Ai ban sayar ba. Gyara nake bayarwa."

"Gyara," ya ce. Ya rufe kwamfutar.

Gane wanda ya ɗora bai yi wuya ba, don wawan hotonsa ya sa a shafin, da baƙin tabarau. Na san shi, mai zuwa shagona ne, ɗan wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati a cikin garin Yola. Yana da mata da 'ya'ya biyu, ba ya aikin komai sai yawo da mukullin mota a yatsa.

Ni abin da na sani, in ɗan mutunci ya ɗauki abin wani, wurin ubansa ake zuwa. Na sayi goro, na ja Injiniya, muka hau keke napep zuwa Yola bayan la'asar. Aka shimfiɗa mana darduma a zaure. Dattijon ya fito da carbi, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na kwashe bayani na faɗa masa. Ya saurara, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wato fili ne ya cinye muku?"

"A'a, Baffa. Unguwa ce, amma a cikin kwamfuta."

"Akwai ta a ƙasa?"

"An ƙona rabinta, Baffa," in ji Injiniya.

Sai dattijon ya aika a kira ɗan. Ya shigo yana ƙamshin turare, ya durƙusa rabi-rabi. Da ya ji maganar sai ya fara zuba Turanci, uban ya ce ya yi Hausa, akwai manya.

"Baba, ni ban saci komai ba. A shagon wannan aka ba ni, kyauta. Babu sunan kowa a ciki sai sunan shagonsa. Kuma in maganar haƙƙin mallaka ake, wasan ma gaba ɗaya na kamfani ne, shi wannan bawan Allah satarsa yake yana juye wa mutane. Yau shi ne zai zo yana koya mana amana?"

Na ce masa mara kunya. Dattijon ya ɗaga hannu, ya dubi ɗansa.

"Kai ka gina?"

"Na gyara wasu wurare."

"Muryar uwar wa ke ciki?"

Ɗan ya sunkuyar da kai.

"To ka je ka gaya wa Turawan naka ba naka ba ne. Yau. Magidanta uku, kun tashe ni daga hutu a kan wasan yara."

Muka fito ina jin na yi abin kirki. Har na saya wa Injiniya rake a hanya. Bai sha ba.

Ɗan gidan ya bi umarnin ubansa, amma ya bi shi irin na ɗan da aka kunyata. Ya rubuta wa masu shafin cewa aikin ba nasa ba ne, a wani shagon turi ya samo shi, kuma su saurari tsohuwar bakin layi su ji. Suka saurara. Suka sa aka fassara musu ihuna.

Su waɗannan alƙalan shafi, an ce min ba albashi ake ba su ba. Mutane ne da suka rasa abin yi a ƙasashensu, suna zaune suna yanke hukunci a kan rijiyar da ba su taɓa shan ruwanta ba. Suka ce dokar kamfanin wasan ta yarda kowa ya yi gini a ciki, amma ta hana a yi kasuwanci da shi, kuma tallar shago kasuwanci ce. Suka ce an riga an raba wannan aiki da talla a jikinsa, don haka ya haramtu a shafin, ko da wane suna ya dawo. Injiniya ya aika musu nasa mai tsabta, wanda babu muryata. Ya aika hotunan zanen da ya yi a takarda, da hoton unguwar ta gaske, da hoton Dada. Wani ya amsa masa da layi biyu: suna jimamin rashin da ya yi, amma an rufe magana. A ƙasa aka manna masa wani dogon rubutu na lauyoyin kamfani, mai cewa duk abin da aka gina da kayan aikinsu, su ke da iko da shi. Wato mangwaron ma nasu ne. Katangar maƙwabci da tsagarta, tasu ce. Mutanen da ko a taswira ba za su iya nuna maka Mubi ba.

Asusunsa dai an buɗe masa. Aka cire kalmar ɓarawo. Unguwar ce ba za ta hau ba.

Da hanya ta yi kyau ya koma Mubi, ya ci gaba da zanen gidaje, yanzu kuwa akwai masu gini. Muna gaisawa a waya ranar sallah. Matata ba ta taɓa ce min komai a kan maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A Jimeta kuwa abin bai mutu ba. Yana yawo daga filash zuwa filash har gobe, kuma da sunan shagona ake kiransa. Mutum zai shigo ya ce a tura masa gem ɗin nan naka mai tsohuwa. Naka. Na gaji da cewa ba nawa ba ne. Na nemi Injiniya ya turo min mai tsabtar in riƙa bayarwa a madadinsa, ya ce a'a, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai na yi abin da na iya. Na koma wurin abokina mai ɗaukar murya, na yi sabuwar magana, babu ganga, babu sunan shago. Na faɗi sunan Injiniya cikakke, da na mahaifinsa, da sunan unguwar, na ce shi ya gina wannan da hannunsa. Na ɗora ta a gurbin tallar, a farko, inda kowa zai ji. Wannan nake tura wa mutane yanzu.

Bara Injiniya ya zo Jimeta sunan ɗiyata. Bayan an watse na ja shi shago, na kunna masa, na tsaya a bayansa. Tsohuwa ta ɗago kai, bakinta ya motsa, muryata ta faɗi sunansa da na ubansa. Ya saurara har ƙarshe. Ya mayar baya, ya sake ji.

"Ka faɗi sunan daidai, Hamma," ya ce. "Amma har yanzu kai ke magana a bakinta."

Ya ɗauki hularsa ya tafi tasha. Na zauna na nemi yadda zan cire muryata in bar tata, na kasa. Tun ranar farko a kan nata sautin na ɗora nawa na adana, ban ajiye na asali ba. Wani ya shigo da memori yana son waƙoƙin biki, na karɓa na zura a kwamfuta.